Gudun Zango-Zango: Niyyar Mai Gudu Da Haƙƙin Mai Jira

Duk lokacin da aka ce wasu sun fito gudu ko tattaki don tara kuɗin taimako, akwai tambayar da ba ta daɗewa ba ta taso ba: don Allah suke yi, ko don a gan su? A shirye-shiryen rediyo da ake buɗe wa jama'a layi, masu bugo waya sukan rabu gida biyu a kanta. Wasu su ce ai ganin ido ne tsantsa, mai son taimako ya zura hannu a aljihu ya ba da abin da ya sawwaƙa, ba sai ya sa gajeren wando ya tare hanya ana ɗaukarsa hoto ba. Wasu kuma su ce a bar mutane su yi alherinsu, ina ruwan wani da abin da ke cikin zuciyarsu? Ina ganin kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya, sai dai dukansu biyu sun manta da mutum na uku, wato wanda aka ce dominsa ake gudun.

Mu fara da siffanta abin. Gudun fanfalaki, wanda wasu ke kira gudun yada ƙanin wani, tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195. Akwai kuma na karɓa-karɓa, inda ake raba doguwar hanya zango-zango, kowane mai gudu ya ɗauki nasa zangon, ya miƙa sanda ko ɗamara ga na gaba. Idan aka haɗa shi da neman taimako, sai kowane mai gudu ya bi 'yan'uwa da abokai da masu shaguna yana cewa, zan yi kilomita kaza, ku saka wani abu a asusun marayu ko na asibiti.

Mu ƙaddara an shirya irin wannan a ƙasarmu. A tashi daga Salaga, a bi ta Bimbila zuwa Yendi, a wuce Gushegu, a gangara dutsen Nakpanduri, a ratsa Garu, a ƙare a Bawku, kuɗin da aka tara kuma a haƙa rijiyoyin burtsatse da su a ƙauyukan da ke kan hanya. Da za a tsayar da masu gudun a tambaye su dalili, kowa da abin da zai faɗa. Wannan malamin makaranta ne da likita ya ce hawan jini na neman kama shi, ya rage ƙiba. Wancan saurayi ne da ke son shiga aikin soja, yana gwada ƙarfinsa. Ga wata ma'aikaciyar jinya da ƙanwarta ta rasu da zazzaɓin taifod, ba ta son wata uwa ta sha irin kukan da tasu ta sha. Ga mai neman kujerar majalisa, ya buga riguna da hotonsa. Ga wani kuma da abokansa suka ja shi, ya ji kunyar cewa a'a. A cikin biyar ɗin nan, mutum ɗaya ce kawai za a ce dalilinta ya shafi ruwan sha kai tsaye, ita ma in aka bi diddigi, akwai neman sanyin zuciyarta a ciki. To, sauran huɗun fa? Mu kore su ne?

Kafin amsar wannan, a duba maganar masu cewa me ya kawo gudu cikin sadaka. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Gumin mai gudu ba ya zama ruwan rijiya, kuma kuɗin takalmi da riga da lemun kwalba da an zuba su a asusu da sun ƙara wani abu. Amma ɗan Adam yana da wata ɗabi'a: ya fi saurin buɗe hannu idan ya ga wani ya sa jikinsa a wahala. Wanda ya aiko maka da saƙon waya yana neman taimakon marayu, ka iya cewa sai wani jiƙon. Wanda ka ga ya kwashe wata uku yana tashi da asuba cikin sanyin hunturu yana atisaye, in ya miƙo maka hannu, da wuya ka juya masa baya. Gumin nan shaida ce cewa da gaske yake.

Turawan Ingila sun gane wannan ɗabi'a, suka gina tsari a kanta. An fara gudun fanfalaki na Landan a 1981, kuma daga lokacin zuwa yanzu abin da masu gudunsa suka tara wa ƙungiyoyin agaji ya haura fam biliyan ɗaya. Yadda abin yake tafiya shi ne abin lura. Masu son shiga gudun sun ninka guraben da ake da su nesa ba kusa ba, don haka ƙungiyoyin agaji ke sayen gurabe, su ba wanda ya yi alkawarin tara musu wani adadi. Ke nan da yawa daga masu gudun, son gudun ne ya fara kai su ƙofar ƙungiyar, tausayin ya biyo baya, wani ma bai biyo ba. Duk da haka kuɗin sun isa ga masu ciwon daji da makafi da marasa gida. Da an ce sai mai tsarkakakkiyar niyya kaɗai zai shiga, da an rasa mai tantancewa, an kuma rasa kuɗin.

Malamanmu sun daɗe da tattauna wannan matsala, domin ba gudu ne ya fara kawo ta ba. Hadisin farko da almajiri ke haddacewa a Arba'una shi ne na niyya, kuma kowa ya san riya tana cinye ladan aiki. Sai dai akwai bambanci tsakanin riya da samun amfani. Malamin Malikiyya na Masar, Ƙarafi, ya yi bayanin wannan a littafinsa Al-Furuƙ. Riya ita ce mutum ya yi ibada don mutane su girmama shi. Amma wanda ya je hajji ya haɗa da fatauci, ko ya yi azumi yana kuma fatan lafiyar jikinsa, ibadarsa ba ta ɓaci ba, ko da ladansa bai kai na wanda bai haɗa da komai ba. Alƙur'ani da kansa, a Suratul Baƙara, ya halatta wa alhaji neman arziki a lokacin hajji. A surar dai aka yaba wa sadakar da aka bayyana, aka kuma ce wadda aka ɓoye ta fi. Imam Gazali a Ihya'u ya kawo ma'auni: a duba wanne ya rinjaya a zuciya, nufin Allah ko son rai, sakamako yana bin rinjayen. Wasu malamai sun fi shi tsanantawa. Abin da duk suka haɗu a kai shi ne, mai aikin ne zai yi wa kansa wannan awo. Lokacin da Usama ɗan Zaidu ya yanke hukunci a kan abin da ke zuciyar wani mutum a fagen yaƙi, Annabi (SAW) ya tsawata masa, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyar mutumin ya gani. Idan sahabi bai sami wannan izini ba, mai bugo waya a rediyo bai same shi ba.

Mu mutanen zango ma bai kamata wannan magana ta zame mana baƙuwa ba, domin haɗaɗɗiyar niyya ce ta kafa unguwanninmu. Kakanninmu fatake da suka riƙa tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, suna shafe watanni a ƙasa bayan madugu, goro ya kawo su. Sun kawo kanwa da tufafi da fatu, sun koma da goron Asante, Yendi tana cikin wuraren da ayari ke yada zango kafin ya isa Salaga. Riba suka fito nema. Amma a cikin ayarin nan ne malamai suka zo da allunansu da littattafansu, aka gina masallatai, aka buɗe makarantu. Alhaji Umaru Salaga, wanda aka haifa a Kano a tsakiyar ƙarni na 19, hanyar fatake ya bi ya zo, ya zauna a Salaga, bayan yaƙin basasar 1892 ya koma Kete-Karachi, ya ci gaba da karantarwa da rubutu har ya rasu a 1934. Ilimin da ya bari bai zo a ayarin waliyyai ba, a ayarin 'yan kasuwa ya zo.

Sai dai duk wanda ya san Salaga ya san ɗaya fuskar. Kasuwar da aka sayar da goro a cikinta, a cikinta aka sayar da mutane. Rijiyoyin da aka riƙa wanke bayi kafin a kai su kasuwa suna nan har yau, baƙi na zuwa daga Amurka da tsibiran Karebiyan su tsaya a bakinsu suna hawaye. Neman riba ne ya kawo malami, neman riba ne ya kawo sarƙa. Don haka ba zai yiwu a ce duk wata niyya mai gauraye ba ta da laifi ba. Tambayar da tarihin Salaga ke koya mana ita ce: amfanin da kake samu, wa ke biyan kuɗinsa? Idan malamin makarantar nan ya rage ƙiba a hanyar Bimbila, babu wanda ya yi asara, ƙauye ya sami rijiya, shi ya sami lafiya. Idan kuwa ɗan takarar ya sa aka karkatar da rijiyar daga ƙauyen da ya fi buƙata zuwa inda yake neman ƙuri'a, to amfaninsa ya fito ne daga tulun wata mata da za ta ci gaba da tafiya rafi.

A nan nake ganin ma'aunin da mu 'yan kallo za mu iya riƙewa. Muddin buƙatar mai gudu da buƙatar mai jira suna tafiya hanya ɗaya, babu abin da za mu gani, babu kuma abin da ya dame mu. Amma akwai mararraba, inda abin da zai amfani mai gudu ya rabu da abin da zai amfani mai jira. Hanyar da mutum ya ɗauka a wannan mararraba ita ce ke fito da abin da ya rinjaya a zuciyarsa, ba tare da an tsaga ta ba.

Gudun karɓa-karɓa ya fi na mutum ɗaya saurin kai mutum wannan mararraba, shi ya sa na fi ganin darasi a cikinsa. A gudun mutum ɗaya, wanda ya fara shi ne zai ƙare, shi za a rataya wa lambar yabo. A na karɓa-karɓa kuwa, mutum ɗaya ne tak zai shiga Bawku ana tafi da kiɗa. Sauran, zangonsu zai ƙare a wani daji tsakanin Gushegu da Nakpanduri, inda babu mai kallo sai awaki da direban motar da ke biye da su. Wa zai yarda ya ɗauki zangon tsakar rana a watan Maris, lokacin da zafi ke haura maki 40? Wa zai ce in ba a ba shi zangon shiga gari ba ya fasa? A wurin rabon zango ake sanin na ƙwarai.

Mutanen Japan suna da irin wannan gudu, suna ce masa ekiden, sunan kuma ya samo asali ne daga zangunan da 'yan aike ke sauya dawaki a zamanin da. An fara shi a 1917 tsakanin Kyoto da Tokyo. Wanda ya fi shahara shi ne na Hakone, da ɗaliban jami'o'i ke yi ranakun 2 da 3 ga Janairu, mutum goma a kowace ƙungiya, sama da kilomita 200. Maimakon sanda, ɗamara suke ratayawa a kafaɗa. Dokarsu ita ce, idan mai gudu ya makara fiye da lokacin da aka ƙayyade, na gaba zai tashi ba tare da ya jira shi ba, da wata ɗamarar aro. Akan ga saurayi ya iso zango ya tarar babu wanda zai miƙa wa, ya faɗi ƙasa yana kuka, alhali shi ya gama nasa gudun lafiya. Abin da ke sa shi kuka shi ne amanar da ta yanke a hannunsa.

A Kanada kuma akwai Terry Fox. An yanke masa ƙafar dama a 1977 saboda ciwon daji, yana ɗan shekara 18. Ranar 12 ga Afrilun 1980 ya tashi daga gabashin ƙasar da ƙafar roba, da nufin ratsa ta gaba ɗaya a guje don tara kuɗin binciken cutar. Ya yi kwana 143 yana gudu, ya ci kilomita 5,373, sai cutar ta kama huhunsa, dole ya tsaya. Ya rasu a watan Yunin 1981 yana da shekara 22. Babu mai cewa dalilinsa bai shafi kansa ba: ciwonsa ne, kuma saurayi ne ɗan wasa mai son nuna cewa rashin ƙafa bai gama da shi ba. Bai kai ƙarshen hanya ba, amma tun daga 1981 kowace shekara ana gudu da sunansa a Kanada da wasu ƙasashe, ana tara kuɗi don abin da ya fara. Gudun da ya ɗauka na mutum ɗaya ne, mutuwa ta mayar da shi na karɓa-karɓa.

Zango na ƙarshe kuma, wanda aka fi sakaci da shi, ba a kan titi yake ba. Shi ne tsakanin asusu da mai jira. A watan Afrilun 2020, lokacin kullen korona, wani tsohon soja a Ingila, Kyaftin Tom Moore, yana gab da cika shekara 100, ya riƙa zagaya lambun gidansa da keken dogarawa, ya tara sama da fam miliyan 30 don taimakon ma'aikatan lafiya. Waɗannan kuɗi sun isa inda aka nufa. Amma bayan rasuwarsa, hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji ta ƙasar ta binciki gidauniyar da aka kafa da sunansa, a watan Nuwamban 2024 ta fitar da rahoto cewa wasu daga cikin iyalinsa sun ci amfanin kansu da ita. Hukumar ba ta binciki zuciyar kowa ba. Takardu ta bincika.

Mu a nan sau da yawa mukan juya abin. Mu shafe awa guda muna gardama a kan ko wane don suna ya yi, amma ba wanda zai tambaya nawa aka tara. Mun saba ganin tattakin motsa jiki na safiyar Asabar, musamman a shekarar zaɓe, da riguna iri ɗaya da 'yan badujala, a ƙare da koko da ƙosai. Mun saba ganin an jera marayu ana ɗaukarsu hoto da buhun shinkafa a gabansu. Idan bayan an watse babu lissafi, to an koma gidan jiya: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk wanda ya tura sidi biyar ta waya yana da haƙƙin ya ji amsar tambaya huɗu. Nawa aka tara? Nawa aka kashe a riguna da man mota? Wa ya zaɓi ƙauyen da za a haƙa rijiyar, kuma an tambayi matan ƙauyen? Bayan shekara guda, famfon yana ba da ruwa? Yin waɗannan tambayoyi ba munana zato ba ne. Mai gaskiya ma daɗinsu yake ji, don su ne ke raba shi da gardi.

Wani zai ce, to ke nan niyya ba ta da wani muhimmanci, tunda rijiya ba ta san wanda ya haƙa ta ba? Tana da shi, ta fuska biyu. Ta farko tsakanin mutum da Ubangijinsa ce, kuma nan babu mai shiga. Ta biyu kuwa ta shafe mu duka, domin niyya ce ke yanke tsawon numfashin mutum. Mai neman suna yakan yi zango ɗaya mai kyau, amma ba ya dawowa idan an ɗauke kyamara. Manyan ayyuka kuwa ba sa ƙarewa a zango ɗaya.

Mu tuna kurkunu. A 1989 an ƙirga kusan mutum 180,000 da ke ɗauke da ita a Ghana, kuma arewacin ƙasar na cikin inda ta fi kafa sansani. Manomi ya kwanta da ƙafa a kumbure daidai lokacin shuka, yaro ya bar makaranta. An ga mutum na ƙarshe da ya kamu da ita a 2010, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar ƙasar ta rabu da cutar a 2015. Sunan tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter da cibiyarsa shi ya fi fita a wannan yaƙi, kuma sun cancanci yabo. Amma sama da shekara ashirin, 'yan sa-kai na ƙauyuka ne suka riƙa bi gida-gida suna raba ƙyallen tace ruwa, suna hana mai ciwo tsoma ƙafa a tafki, suna rubuta sunan duk wanda tsutsa ta fito masa. Wani ya yi don ɗan alawus, wani don keken da aka ba shi, wani don ya taɓa kwanciya da ita. Wasu sun gaji sun bari, wasu suka karɓa. Yau yaran da ake haifa a Yendi ba su san kurkunu ba sai a labari, kuma ba su san sunan ko ɗaya daga waɗanda suka riƙe musu sandar ba.

Akwai kuma abin da ya sa hanyar da na zana ta fi ƙarfin maganar rijiya. Mai gudu ba ya zaɓar wanda zai miƙa wa sanda. Daga Salaga zuwa Bawku, sandar za ta ratsa ƙasar Gwanjawa da Nanumba da Konkomba da Dagomba da Mamprusi da Kusasi, ta bi ta hannun Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya. Yendi ta san abin da rabuwar gida ke jawowa: daga kisan Ya-Na Yakubu Andani na biyu a watan Maris na 2002, sai a Janairun 2019 aka naɗa sabon Ya-Na, bayan doguwar sasantawa ƙarƙashin kwamitin manyan sarakuna da Asantehene ya jagoranta. Bawku kuwa ta san dokar hana fita fiye da yadda kowane gari ya kamata ya sani. A irin wannan ƙasa, saurayin da ya shiga gudu don kawai ya gwada ƙarfinsa, ya wayi gari yana miƙa sanda ga ɗan ƙabilar da aka ce masa kada ya yarda da ita, ya koma gida da abin da bai fito nema ba. Sau da yawa aiki ne ke gyara niyya bayan an shiga cikinsa. Da an tare shi a bakin ƙofa an ce sai ya tsarkake zuciyarsa tukuna, da an hana shi makarantar da za ta tsarkake ta.

Saboda haka, idan aka zo maka da takardar neman taimako aka ce wane zai yi gudu, kada ka ɓata lokacinka wajen auna zuciyarsa, ba a ba ka sikelin ba. Ka ba da abin da za ka iya, ka rubuta ranar, bayan wata shida ka nemi lissafi. Idan kuwa kai ne mai gudun, tambayar tana wuyanka, kuma ba sai ka amsa ta a rediyo ba: da za a ba ka zangon daji, a hana ɗaukar hoto, a cire sunanka daga takarda, za ka fito? In amsar e ce, ka gode wa Allah. In a'a ce, ka fito duk da haka, ka nemi gyaran zuciya a kan hanya, domin matar da ke jiran ruwa ba za ta iya jira sai ka zama waliyyi ba.